In an kira ka intabiyu: shawarar wanda ya daɗe a bayan tebur

Shekara 11 na yi ina kula da sha'anin ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Sharaɗa, nan Kano. Taliya, madara, sabulu da man girki muke kai wa manyan diloli a kasuwar Singa, wasu motocin kuma su wuce har Dutse da Katsina. Duk wanda za a ɗauka aiki, daga sitokipa zuwa akanta zuwa yaron da zai riƙa bin mota yana karɓo kuɗi, sai ya zauna a gabanmu mu uku: ni, da manajan sashen da ke neman mutum, da wata Hajiya mai kula da kuɗi. Hajiyar nan ba ta cika magana ba, tambaya ɗaya ko biyu take yi, amma in ta ajiye biro ta ce "wannan ya yi", to magana ta ƙare.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a shekarun nan shi ne yadda yaranmu na gida suke faɗuwa alhali sun fi wanda aka ɗauka sanin aikin. Tarbiyyar da aka yi mana ce take bin mu har cikin ɗakin. An koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, an ce mana yabon kai jahilci ne, in babba ya yi tambaya a amsa a taƙaice a ja baki. Duk wannan ado ne a zauren mahaifinka. Amma mu minti 15 ko 20 kawai gare mu da kai, kuma ba mu san ka ba, ba mu san gidanku ba. Abin da ba ka faɗa da bakinka ba, a wurinmu babu shi.

Na tuna wani saurayi da ya zo neman aikin sito. Manaja ya tambaye shi wane aiki ya taɓa yi, ya ce, "Babu, ranka ya daɗe, yanzu na gama bautar ƙasa." Ni har na ja layi a kan sunansa. Sai Hajiya ta ɗago ta ce, "To, wa ya biya maka kuɗin makaranta?" Ya ce shi ya biya wa kansa. "Da me?" Nan fa muka ji ashe shekara shida ya yi yana tsaron shagon kawunsa a Singa. Shi ke riƙe littafin bashi, shi ke ƙirga katan in tirela ta sauke kaya, shi ne kuma yake jera kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa a bakin ƙofa don su fara fita. Aikin da muke nema ke nan sak. Shi a tunaninsa ba a kiran abu aiki sai an ba ka katin shaida ka rataya a wuya. Da Hajiya ba ta yi wannan tambayar ba, da ya koma gida yana cewa ai dama sai mai hanya. Kuma ba kowane kwamiti ne yake da irin Hajiya ba.

Don haka shiri daga nan yake farawa, tun kwana uku kafin ranar. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da hannunka ya taɓa yi: koyarwa a Islamiyya, POS ɗin da ka tsare wa yayanka, ajiyar kuɗin ƙungiyar ɗalibai, aikin wucin gadi na rigakafin shan inna ko na zaɓe, ɗinki, gyaran waya a Farm Centre. Ke ma 'yar'uwa, adashin mata 20 da kika riƙe shekara uku ba a taɓa jin kanku ba, lissafi ne da riƙon amana, kuma abin faɗa ne. Daga cikin jerin nan zaɓi labari uku da suka fi kusa da aikin da kake nema. Kowane labari ka ɗora shi a kan duwatsu uku kamar murhu: me ka tarar, me ka yi, me ya biyo baya.

Ga bambancin. Mutum goma za su shigo, tara za su ce, "Ina da ƙwazo, ina da gaskiya, ina iya zama da mutane." Wallahi kafin azahar kunnenmu ya daina jin waɗannan kalmomin. Na goma zai ce, "Lokacin da na karɓi littafin bashin shagon, mutum 40 ne a ciki, wasu bashinsu ya shekara. Na ware waɗanda suka fi daɗewa, na riƙa kiran kowa duk ranar Alhamis, cikin wata huɗu aka karɓo fiye da rabi." Bai ce yana da ƙwazo ba, mu ne za mu rubuta hakan da kanmu. Wanda ya yi magana haka shaida ya bayar a kan abin da ya faru, kuma ba wanda zai kira shi mai fankama. Sai dai ka lura da bakinka: mun saba da "muka yi", "aka yi". In kai ka yi, ka ce "na yi". In kuwa ku biyar ne, ka faɗi ku biyar ne sannan ka faɗi naka rabon. Kada ka ƙara gishiri, don Kano da girmanta ƙaramin gari ne a harkar kasuwanci. Waya ɗaya za mu buga wa dilanmu na layin da ka ambata mu ji gaskiyar magana.

Bayan ka san kanka, sai ka san inda za ka je. Ban taɓa mantawa da wani da muka tambaya me kamfaninmu yake yi ba, ya ce yana jin siminti muke sayarwa, ga katan-katan na taliya jibge a harabar da ya ratso. In kamfanin yana da shafi a intanet ko Facebook, karanta. In ba shi da shi, shiga kasuwa ka tambayi masu sayen kayansa: me suke yabawa, me suke kuka da shi, su wa suke gogayya da shi. In makaranta ce, nemi wani uba da ɗansa ke ciki. Wanda ya ce mana, "Na ji diloli suna cewa kayanku suna makara in damina ta sauka," ya riga ya sa mun gyara zama.

A nan ne ma za ka tantance ko aikin na gaskiya ne. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da wurin bincike a shafinta, kana iya saka sunan kamfani ka ga ko yana da rajista. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, kuɗin gwajin lafiya ko kuɗin "ajiye gurbi" a asusun wani mutum kafin a gan ka, ka riƙe kuɗinka. Haka in an ce a haɗu a ɗakin otal ko wani gida da ba alamar ofis, musamman ke mace, kada ki je ke kaɗai, kuma ki bar adireshin a gida.

Sai takardu. Sayi fayil mai roba, ka jera na asali a gefe ɗaya, fotokwafi kashi biyu a ɗaya gefen, da CV guda uku ko huɗu don kowa a kwamitin ya samu, da ƙananan hotuna, da biro mai rubutu. Mai digiri ko HND zai zo da takardar kammala bautar ƙasa ta NYSC, wanda kuma ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu ya zo da takardar yafewa. Aikin gwamnati zai nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarku, aikin koyarwa kuma ana iya tambayar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai. Amma abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne suna. A sakamakon WAEC an rubuta Mohammed, a digiri Muhammad, a NIN kuma sunan kaka ya maye gurbin na uba, ranar haihuwa ma ta sha bamban. Mu da muke nan mun san yadda hakan take faruwa, amma in takardunka suka je babban ofis a Legas, wanda zai duba bai san Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne ba. Je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a kira ka, ka saka ta a fayil, ka kuma faɗa da kanka kafin a gano.

Kuma don Allah ka karanta CV ɗinka. Na san yawanci a shagon kwamfuta ake bugawa, mai shagon ya ɗauko na wani ya canja suna. Shi ya sa za ka ga mutum biyar a rana ɗaya duk sun rubuta suna son ninkaya da tafiye-tafiye. Duk abin da ke kan takardar nan muna da haƙƙin tambayarka a kai. In an rubuta ka iya Excel, manaja zai iya juyo maka da kwamfuta ya ce haɗa mini jimillar wannan layin. In ba ka iya ba, ko ka goge shi, ko ka nemi wanda zai zaunar da kai kwana biyu ya koya maka tara lambobi, tace jeri da jera kaya bisa kwanan wata. Wannan kaɗan ɗin ya ishi yawancin ayyukan sito da na kashiya.

In da hali, je ka ga wurin ana gobe. Sharaɗa kashi-kashi ce, haka Bompai da Challawa, kuma mai adaidaita sahu zai ce maka ya sani ko bai sani ba. Ranar kuwa ka isa da rabin awa a hannu. Ka gaisa da maigadi da mutunci, haka wadda ke zaune a teburin karɓar baƙi. Sau da yawa bayan an tashi nakan leƙa in tambaye ta wa ya burge ta, wa ya yi mata tsawa don an bar shi yana jira. Amsarta ta sha sauya mana ra'ayi.

Maganar sutura ba ta da tsawo. Kaftani mai guga da hula ya wadatar a yawancin wuraren nan Arewa. Banki da wasu kamfanonin sun fi son kwat, sai ka tambayi wanda ya kira ka. Babbar riga ta ɗaurin aure ce, bar ta a gida. Mace ta sa abaya ko atamfa mai sauƙin ɗinki da mayafi ko hijabin da ba sai tana ta gyara shi ba. Turare kaɗan, don ɗakin ƙarami ne kuma a rufe yake. Takalmi a goge, musamman lokacin hunturu da ƙura ke bin mutum har wuya. Waya a kashe ta gaba ɗaya.

In ka shiga, yi sallama ko gaisuwa da muryar da za a ji, ka jira a nuna maka kujera. Kada ka durƙusa. Na san jiki ne yake yi da kansa in ka ga sa'an mahaifinka, amma ɗan rusunawa ya isa. Kada ka fara miƙa hannu. In an miƙo maka, ka karɓa. In kuwa tsakanin mace da namiji ne kuma ba ka yi, ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi ka gaisa da baki, duk wanda ya zauna a Arewa ya gane. Sai ido. Ba a ce ka zura wa dattijo ido ba, amma mai kallon tayil yana magana, a wurin manajan da ba Bahaushe ba, kamar mai ɓoye wani abu ne. Dabarar da nake koya wa ƙannena ita ce su kalli goshin mai tambayar, in sun gama jimla su waiwayi sauran.

Tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: ba mu labarin kanka. Ba tarihin zuriya ake nema ba. Wani zai fara daga unguwar da aka haife shi, firamaren da ya yi, yawan 'yan ɗakinsu, kafin ya iso jami'a minti biyar sun tafi. Minti ɗaya da rabi ya isa: sunanka, abin da ka karanta, aikin da ka taɓa yi wanda ya yi kama da wannan, da dalilin da ya kawo ka nan. Ka gwada shi a gaban abokinka yana duba agogo, amma kada ka haddace kamar karatun allo. Mai hadda in aka katse shi da tambaya sai ya koma farko, kuma nan take muke ganewa.

Turanci shi ne dodon da yawa daga cikinmu. Gaskiyar magana, sai dai in aikin na magana da baƙi ne, ba lafazi muke aunawa ba, so muke mu ga ko za ka iya karanta takardar kaya ka rubuta rahoto a gane. Yi magana a hankali, da gajerun jimloli. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙi a maimaita, ba laifi ba ne. Ka amsa da harshen da aka tambaye ka. In wani a kwamitin ya juya zuwa Hausa, bi shi, amma in sun koma Turanci kai ma ka koma. In kuma aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo. Hajiya takan yi irin wannan tambayar da gangan. Mai riƙe kuɗin mutane in ya saba rufe rashin sani da surutu, gobe zai rufe giɓin kuɗi da surutu, haka take cewa.

Akwai tambayoyi biyu da suke da rami a ciki. Ta farko: me ya sa ka bar inda kake? Ko da maigidanka na da ya riƙe maka albashin wata uku, kada ka zauna kana yaga masa riga a gabanmu, don muna jin ka muna hango ranar da za ka zauna a wani wuri kana yaga tamu. Ka ce albashi ba ya zuwa a kan lokaci, kana neman wurin da ya fi tsari, ka tsaya nan. Ta biyu: mene ne rauninka? Masu cewa "rauni na shi ne aiki ya yi mini yawa ba na gajiya" dariya suke ba mu. Faɗi wani abu na gaske wanda ba zai rusa aikin ba, tare da abin da kake yi a kai. Misali, kana jin nauyin tambayar manya bashi, shi ya sa ka koma tura saƙo a rubuce kafin ka kira.

Mata kuma akan jefo musu tambayar aure da yara da ko maigida ya yarda. Ni ban so a yi ta ba, na sha hana manajoji, amma ana yi. Ba dole ki buɗe sirrin gidanki ba. Ki ce kin san lokacin shiga da na tashi, kin kuma yi tsarin da zai ba ki damar cika su. In aikin yana da tafiye-tafiye ko kwanan dare, gara a yi maganar a gida tun kafin ranar, kada a ba ki aiki ki dawo bayan sati ki ce an hana.

Sai kuɗi, inda kunya ta fi yi mana illa. Aka ce nawa kake so, sai ka ji, "Duk abin da kuka bayar, Allah ya sa albarka." Ɗan'uwa, kamfani ba gidan kawunka ba ne. In ka ce haka, mafi ƙanƙantar abin da ke kan takardarmu za mu rubuta, kuma ba za mu ji kunya ba. Ka yi lissafi tun daga gida: kuɗin mota zuwa da dawowa sau kwanakin aiki, abincin rana, sannan abin da zai rage. Ka tambayi masu irin aikin nawa ake ba su. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, ko da yake dokar ba ta hau kan ƙananan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Faɗi tsakanin kaza zuwa kaza, ka ƙara da cewa akwai damar tattaunawa. In an ambata maka adadi, tambayi ko wannan ne zai shiga asusunka ko kafin a cire haraji da fansho ne. A dokar fansho ta 2014, kashi 8 cikin 100 ake cirewa daga ɓangaren ma'aikaci, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Na ga mutanen da suka yi murna a ɗakin intabiyu, ƙarshen wata suka zo ofishina da fuska a murtuke saboda ba su yi wannan tambayar ba.

Daga ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. Ka kasance da ɗaya ko biyu a aljihu. Wa zan riƙa kai wa rahoto? Watannin gwaji nawa ne, kuma da me za a auna ni a ƙarshensu? Yaushe za mu ji sakamako? Kada tambayarka ta farko ta zama ta hutu. Maganar fita sallar Juma'a kuwa, a Kano ba sai ka tambaya ba, amma in aikin a Kudu ne, tambaye ta cikin natsuwa bayan an yi maka tayin aikin.

Yanzu wasu, musamman ƙungiyoyin agaji, ta Zoom ko Google Meet suke ganawa. Duk abin da na faɗa yana nan. Ƙari kawai: cika caji, sayi data fiye da yadda kake zato, gwada manhajar ana gobe, jingina wayar a kan littattafai daidai fuskarka, ka zauna haske yana gabanka. Ka gaya wa mutanen gida, don kada ana tsaka da magana a leƙo a aike ka sayen kalanzir. In sabis ya yanke, sake shiga nan take ka ba da haƙuri sau ɗaya ka ci gaba.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa tun ɗazu: duk wannan a banza, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ba zan musa ba. An sha turo mini ƙaramar takarda daga sama, wani lokacin kuma ba yadda na iya. Amma kamfanin da ke neman riba ba zai cika sito da 'yan alfarma ba, dole a samu wanda zai ƙirga kayan daidai. Ko wanda aka turo ma, in ya zauna ya kasa buɗe baki, mai turo shin ne yake jin kunya, kuma karo na biyu ba ya sake turowa.

In ka fito, rubuta tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, za su yi maka amfani a wani wurin. In ta imel aka gayyace ka, aika gajeren saƙon godiya a ranar. In lokacin da suka ɗiba ya wuce da kwana biyu ko uku, kira sau ɗaya ka tambaya, ban da naci, ban da aiko dattijan unguwa. Sannan ka kula da wayarka. Lambar da ka rubuta a CV ta kasance a kunne, kuma ka ɗaga baƙuwar lamba da sallama ta mutunci. Mun taɓa zaɓar wani yaro, muka kira shi sau huɗu cikin kwana biyu, wayar tana hannun ƙaninsa yana buga wasa yana katsewa. Rana ta uku manaja ya ce motoci ba za su jira ba, muka kira na biyu a jerin. Shi kuwa sai bayan sati biyu ya zo tambayar sakamako, lokacin wancan har an ba shi makullin sito.